Yadda Ake Gwada Tsirran Magani a Jikin Ɓeraye Don Sanin Ko Suna Rage Raɗaɗi da Kumburi

Ɓera ba ya faɗin inda yake masa ciwo, saboda haka duk mai binciken da yake son sanin ko wani tsiro yana rage raɗaɗi dole ne ya dogara da abin da ya ga dabbar tana yi: sau nawa ta yi murƙususu, daƙiƙa nawa ta ɗauka kafin ta janye wutsiyarta daga zafi, ko kuma yawan kumburin da daginta ya yi bayan an yi mata allura. Matsalar ita ce abubuwa da dama suna iya sauya waɗannan alamomi ba tare da sun taɓa raɗaɗin kansa ba. Ɓeran da magani ya saukar wa kasala zai rage motsi, wanda ya firgita zai jure zafi fiye da yadda ya saba, wanda kuma aka ɗura wa abu mai yawa zai lafe a gefen keji ya ƙi yin komai. Aikin mai bincike tun daga ranar da ya tsinko ganye har ranar da zai rubuta rahoto shi ne ya kawar da waɗannan dalilai ɗaya bayan ɗaya, ta yadda idan ya ce tsiron ya yi aiki, maganarsa za ta tsaya da ƙafarta.

Babu mai musun cewa tsirrai suna ɗauke da sinadaran da ke kashe raɗaɗi. Daga tsiron da ake samun ofiyom ne Friedrich Sertürner, wani mai haɗa magunguna a Jamus, ya fitar da mofin a farkon ƙarni na 19, daga ɓawon itacen wilo kuma aka fitar da salisin a 1828, wanda bincike a kansa ya kai ga haɗa asfirin a kamfanin Bayer a 1897. Abin da ake nema a ɗakin gwaje-gwaje shi ne a tabbatar ko wannan tsiron da ke hannu yana cikin irin waɗancan, kuma a wane awo yake aiki.

Tsiron da yadda ake tace shi

Matakin farko shi ne a kai tsiron ga masanin tsirrai ya tantance shi da sunansa na kimiyya, sannan a busar da samfuri mai ɗauke da ganye da fure ko 'ya'ya a ajiye a ma'ajiyar busassun tsirrai, a karɓi lambar rajista wadda za a rubuta a rahoto. Sunan da jama'a ke kiran tsiro da shi bai isa hujja ba, domin sau da yawa suna ɗaya yakan haɗa tsirrai biyu ko uku waɗanda ba su da dangantaka. A rubuta ɓangaren da aka ɗauka, ko ganye ne ko saiwa ko ɓawo, da wurin da aka ɗauko shi da lokacin shekara, saboda yawan sinadaran da ke jikin tsiro yana sauyawa da ƙasa da yanayi da kuma girman tsiron. Idan daga wata ƙasa aka samo shi, ko kuma ilimin wata al'umma ne ya nuna hanyarsa, a duba tanade-tanaden Yarjejeniyar Nagoya kan samun albarkatun halittu da raba amfaninsu, wadda aka amince da ita a 2010 ta fara aiki a 2014.

A shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa har ya bushe sarai, a niƙa, a auna nauyin garin. Daga nan sai zaɓen abin da za a jiƙa shi da shi, kuma a nan ne mutane da yawa suke kauce wa tambayar da suka fara da ita. Idan masu amfani da tsiron tafasa shi suke yi a ruwa su sha, to binciken da yake son gaskata wannan amfani ya kamata ya haɗa da tataccen ruwan da aka tafasa, domin metanol ko itanol suna janyo sinadaran da ruwa ba ya janyowa. Wanda yake neman sabon sinadari kawai yana iya jiƙa garin a itanol mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari na tsawon awa 72 yana girgizawa lokaci-lokaci, ko ya yi amfani da na'urar Soxhlet, amma ya tuna cewa zafin da wannan na'ura ke bayarwa na awanni yana lalata wasu sinadarai. Bayan an tace, a ƙafar da ruwan a na'urar busarwa mai juyawa a zafin da bai wuce digiri 40 zuwa 45 na Salshiyas ba, a tabbatar babu sauran metanol ko kaɗan, domin shi kansa guba ne.

A auna busasshen tataccen da aka samu a fitar da kasonsa. Idan giram 500 na gari ya ba da giram 40, an samu kashi 8 cikin ɗari ke nan, kuma wannan lamba za ta yi amfani nan gaba wajen auna ko awon da aka ba dabba yana da ma'ana. A yi tatacce mai yawa a karo ɗaya wanda zai isa dukkan gwaje-gwajen, a ajiye a firji cikin kwalba mai duhu. Gwajin sauyin launi da ake yi a bututun gilashi don a ce akwai filabonoyid ko tanin ko alkaloyid bai cika ƙara wa rahoto komai ba, tunda da wuya a sami ganyen da ba shi da waɗannan. Abin da ya fi amfani shi ne a fitar da taswirar sinadaran tataccen da na'urar HPLC, ta yadda wani mai bincike zai iya kwatanta nasa da wannan.

Izini, dabbobi da awon magani

Ba a taɓa dabba ko ɗaya sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince da tsarin aikin a rubuce. Ƙa'idoji uku da William Russell da Rex Burch suka shimfiɗa a 1959 su ne ginshiƙi har yau: a maye gurbin dabba da wata hanya idan akwai, a rage yawan dabbobin da za a yi amfani da su, a kuma sassauta wahalar da za su sha. A fagen binciken raɗaɗi akwai ƙarin ƙa'idojin da Manfred Zimmermann ya wallafa a 1983 a madadin ƙungiyar masu nazarin raɗaɗi ta duniya, kuma a cikinsu akwai shawarar cewa mai bincike ya fara gwada abin a jikinsa idan ba mai huda fata ba ne. Wanda ya taɓa ɗora tafin hannunsa a farantin da ya kai digiri 55 ba zai manta da ɓera a kai ba.

An fi amfani da ƙananan ɓeraye masu nauyin giram 20 zuwa 30, da manyan ɓeraye irin Wistar ko Sprague Dawley masu nauyin giram 150 zuwa 250. A bar su mako guda su saba da ɗakin, da haske na awa 12 da duhu na awa 12, da zafi kusan digiri 22, a riƙa ɗaukar su a hannu kowace rana don su daina firgita. Tsoro da kansa yana kashe raɗaɗi a jikin dabba. Wani bincike da aka yi a Jami'ar McGill ta Kanada, wanda aka wallafa a 2014, ya nuna cewa warin jikin namijin mai bincike kaɗai yana tayar wa ɓeraye hankali har su rage nuna alamun ciwo, saboda haka mutum ɗaya ne ya kamata ya gudanar da gwaji daga farko zuwa ƙarshe, a lokaci ɗaya na yini, cikin ɗaki marar hayaniya. A haɗa da maza da matan ɓeraye, domin masu binciken wannan jami'a sun nuna a 2015 cewa ƙwayoyin garkuwar jiki da ke haddasa tsanantar raɗaɗi a lakar namiji sun bambanta da na mace.

Kafin gwajin raɗaɗi sai an san ko tataccen yana da guba. Ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da ci gaba, wato OECD, ta soke tsohuwar ƙa'idarta mai lamba 401 a 2002 saboda yawan dabbobin da take kashewa, yanzu ana bin mai lamba 420 ko 423 ko 425. A ƙa'ida ta 423 ana ba dabbobi uku awo ɗaya daga cikin miligiram 5, 50, 300 ko 2000 ga kowane kilogiram na nauyin jiki, a sa musu ido sosai a awannin farko, sannan a ci gaba da duba su har kwana 14. Hanyar Lorke ta 1983, wadda take farawa da dabbobi tara a awon miligiram 10, 100 da 1000, ita ma tana nan ana amfani da ita. Ko wacce aka bi, kada a tsaya ga ƙirga waɗanda suka mutu. A rubuta duk wata kasala, gyangyaɗi, tangaɗi, zawo, tashin gashi ko sauyin numfashi, da awon da aka fara ganin su, domin waɗannan su ne za su ruɗar da sakamako daga baya.

Batun awo ya cancanci a daɗe a kansa. Al'adar da ta yaɗu ita ce idan dabbobi ba su mutu a miligiram 5000 ba, sai mai bincike ya ɗauki kashi 10 ko 20 cikin ɗari na wannan, ya ba su miligiram 500 ko 1000 ga kowane kilogiram. Rashin mutuwa bai nuna cewa awon yana da ma'ana ba. Bisa lissafin da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta bayar a 2005, ana raba awon ƙaramin ɓera da 12.3, na babban ɓera da 6.2, don a sami kwatankwacinsa a mutum. Miligiram 1000 a ƙaramin ɓera zai zama kusan miligiram 81 ga kowane kilogiram a mutum, wato kusan giram 5 na busasshen tatacce ga mai nauyin kilogiram 60. Idan tataccen kashi 8 cikin ɗari ne na gari kamar a misalin da ya gabata, sai mutum ya sha abin da aka tatso daga fiye da giram 60 na busasshen gari a sha ɗaya. Ga shi kuma a irin wannan awo kusan kowane ganye zai sauya wani abu a jikin dabba. Shi ya sa Michael Heinrich da abokan aikinsa, a wata maƙalar shawarwari ta 2020, suka ga ya dace a ɗauki miligiram 100 zuwa 200 ga kowane kilogiram a matsayin iyakar da sakamakon tatacce yake da ma'ana a cikinta. A zaɓi awo uku da ke ninka juna, kamar 50, 100 da 200.

A kasa dabbobin rukuni biyar aƙalla: rukunin da za a ba ruwan da aka narkar da tataccen a ciki kawai, rukunin da za a ba sanannen magani, da rukunai uku na tataccen. Idan tataccen ba ya narkewa a ruwa har sai an sa Tween 80 ko DMSO, dole rukunin farko ya sami daidai wannan haɗin, musamman da yake DMSO da kansa yana rage kumburi da raɗaɗi. An saba sa dabbobi shida a kowane rukuni, amma lissafin ƙarfin gwaji ne ya kamata ya yanke adadin. A raba su ta hanyar ƙuri'a, domin ɓeran da hannu ya fara kamawa a keji yawanci shi ne marar kuzari, kuma idan irinsu suka taru a rukuni ɗaya, an riga an sami bambanci tun kafin a ba da magani. Wanda zai ƙirga alamomin kuma kada ya san abin da aka ba kowace dabba: wani daban ya haɗa magungunan ya sa musu lambobi, ba za a buɗe lambobin ba sai an gama lissafi.

A ba da tataccen ta baki da bututun ɗura, mililita 10 ga kowane kilogiram, a jira minti 60 kafin gwaji. Idan ta allura a kogon ciki aka bayar, minti 30 ya isa, sai dai wannan hanya tana da nata aibin da za a gani yanzu.

Gwaje-gwajen raɗaɗi

Gwajin murƙususu, wanda Koster da abokan aikinsa suka bayyana a 1959, shi ne mafi sauƙi kuma mafi saurin yaudara. Ana yi wa ƙaramin ɓera allurar asid ɗin asetik mai ƙarfin kashi 0.6 cikin ɗari a kogon ciki, mililita 10 ga kowane kilogiram, a sa shi a akwatin gilashi shi kaɗai, a jira minti biyar, sannan a ƙirga murƙususunsa na minti 10 zuwa 20. Murƙususu ɗaya shi ne lokacin da ɓeran ya matse cikinsa ya manna shi da ƙasa, ya lanƙwasa baya, ya miƙe ƙafafun baya. A tsayar da wannan ma'ana kafin a fara, don kada a riƙa ƙirga kowace miƙa. Idan matsakaicin rukunin da bai sami magani ba 40 ne, na wanda ya sami tatacce kuma 22, sai a cire 22 daga 40, a raba da 40, a ninka da 100, a sami ragin kashi 45 cikin ɗari. Asfirin ko diklofenak ko indometasin sun dace a matsayin maganin kwatanci.

Aibin gwajin shi ne kusan komai yana rage murƙususu, har da magungunan barci, da masu sassauta tsoka, da masu hana aikin histamin, wani sinadarin jiki mai haddasa kumburi da ƙaiƙayi. Idan kuma an yi allurar tataccen a kogon cikin da za a zuba asid ɗin, yana iya rage kaifin asid ɗin kai tsaye, ko kuma ya fara ƙona wurin da kansa har jiki ya kunna hanyoyinsa na danne ciwo. Saboda haka a ba da tataccen ta baki, a ɗauki sakamakon a matsayin alamar farko kawai. Kuma tunda dabbar ba ta da hanyar tserewa daga wannan ciwon, wasu kwamitocin ɗa'a ba sa amincewa da shi sai da ƙwaƙƙwaran dalili.

Gwajin faranti mai zafi, wanda aka fi jingina wa Eddy da Leimbach a 1953, yana auna amsar da sai ta bi ta ƙwaƙwalwa. A daidaita farantin a digiri 55, a ɗora ɓeran, a danna agogo, a tsayar da shi lokacin da ya lashi dagin baya ko ya yi tsalle. Lasar dagin gaba ba ta shiga lissafi, domin ɓera yana yin ta ko da gyaran jiki yake yi. A sa iyakar daƙiƙa 30, ko ƙasa da haka, wadda idan ta cika za a ɗauke shi ko bai nuna komai ba, don kada fatarsa ta ƙone. A auna kowace dabba kafin ba da magani, sannan bayan minti 30, 60, 90 da 120. Idan ɓera ya ɗauki daƙiƙa 8 kafin magani, ya ɗauki 19 bayan magani, iyaka kuma 30 ce, sai a raba ƙarin daƙiƙa 11 da ya samu da daƙiƙa 22 da zai iya samu, a sami kashi 50 cikin ɗari na iyakar tasiri. A lura cewa ɓera yana koyo, idan aka yawaita ɗora shi zai fara tsalle da wuri. Gwajin janye wutsiya na D'Amour da Smith na 1941 ɗan'uwan wannan ne, sai dai amsarsa daga laka take fitowa, kuma ɗumin fatar wutsiyar yana shafar ta, don haka tataccen da ke rage zafin jiki zai iya bayyana kamar mai kashe raɗaɗi. A waɗannan gwaje-gwaje biyu mofin ne maganin kwatanci. Magunguna irin su diklofenak ba su cika nuna tasiri a nan ba, kuma rahoton da ya kwatanta tsiro da su a faranti mai zafi ya ce tsiron ya kamo su bai faɗi wani abu mai nauyi ba.

Idan gwaji ɗaya kawai hali ya bayar, gwajin fomalin ya fi cancanta. Dubuisson da Dennis ne suka fito da shi a 1977, Hunskaar da Hole kuma suka nuna a 1987 yadda matakansa biyu ke bambanta magunguna a ƙananan ɓeraye. A bar dabbar a akwatin kallo na rabin awa ta natsu, a ajiye madubi a baya ko a ƙarƙashi don a ga dagin ta kowane ɓangare, sannan a yi allurar maikirolita 20 na fomalin mai ƙarfin kashi 1 zuwa 2.5 cikin ɗari a ƙarƙashin fatar dagin baya. Nan take ɓeran zai ɗaga ƙafar ya shiga lasa da cizo, kuma jimillar daƙiƙun da ya ɓata yana yin haka ake aunawa. Minti biyar na farko su ne mataki na ɗaya, inda sinadarin yake taɓa jijiyoyin jin zafi kai tsaye. Daga nan sai ya lafa na kusan minti goma kamar ba abin da ya same shi, sannan ciwon ya dawo daga minti na 15 zuwa na 30, wannan karon saboda kumburi da kuma tsanantar amsar laka. Mofin da danginsa suna danne matakan biyu, asfirin da danginsa kuwa mataki na biyu suka fi taɓawa, saboda haka gwaji guda yana ba da haske kan inda tataccen yake aiki. Sanyin ɗaki yana raunana mataki na biyu, don haka a kula da ma'aunin zafi a rubuta shi.

Duk sakamakon da aka samu a waɗannan gwaje-gwaje yana rataye har sai an nuna cewa tataccen bai kashe wa dabbar jiki ba. A ɗora ta a sandar da ke juyawa, wadda Dunham da Miya suka bayyana a 1957, a ga ko za ta faɗo da wuri fiye da 'yan'uwanta, a kuma sake ta a fili mai layuka a ƙirga zirga-zirgarta, duka a awo ɗaya da lokaci ɗaya da aka yi gwajin raɗaɗi. Wannan mataki ne da ake yawan tsallakewa, alhali bai fi aikin yini ɗaya ba. Idan tataccen ya ci wannan gwaji lafiya, sai a gwada ba da nalokson, maganin da ke toshe aikin mofin, kamar miligiram 2 ga kowane kilogiram, minti 15 kafin tataccen. Idan tasirin ya ɓace, akwai alamar cewa ta hanyar da mofin ke bi yake aiki, amma a haɗa da rukunin mofin da nalokson don a tabbatar nalokson ɗin ya yi aikinsa.

Gwaje-gwajen kumburi

Tun 1962 da Winter da Risley da Nuss suka wallafa shi, kumburin dagi da karajinan ya zama gwajin da aka fi dogara da shi. Karajinan sinadari ne da ake samu daga jar ciyawar teku, kuma nau'in lamda ake amfani da shi. A narkar da kashi 1 cikin ɗari a ruwan gishirin allura har ya haɗe babu gudaji, a yi wa babban ɓera allurar mililita 0.1 a tafin dagin baya awa ɗaya bayan an ba shi tataccen. Kafin allurar a yi alama da alƙalami marar gogewa a idon sawun, domin kowane lokaci daidai wannan layi za a tsoma ƙafar a na'urar da ke auna girma ta yawan ruwan da ƙafar ta ture. Wanda ba shi da wannan na'ura yana iya auna kauri da kalifa, wato ma'aunin kauri mai baki biyu, amma matsawa kaɗan tana korar ruwan kumburin, don haka hannu ɗaya ya yi awon duka. A auna kafin allura, sannan kowace awa har awa biyar ko shida, a yi lissafi da ƙarin da kowace ƙafa ta yi a kan girmanta na farko.

Amfanin auna kowace awa shi ne kumburin yana da zango-zango. A awa ta farko, daga cikin sinadaran da jiki ke saki, histamin da sirotonin ne ke kan gaba, biradikinin ya biyo baya, daga wajen awa ta uku kuma furostagilandin ke riƙe da kumburin, tare da fararen ƙwayoyin jini da ke kwarara zuwa wurin. John Vane ya nuna a 1971 cewa asfirin da indometasin suna hana jiki haɗa furostagilandin, aikin da ya sa ya sami kyautar Nobel a 1982, kuma wannan ne dalilin da ya sa irin waɗannan magunguna suka fi tasiri a zango na ƙarshe. To amma ganin tatacce ya rage kumburi a awa ta uku bai isa a rubuta cewa ya hana aikin sinadarin COX, wanda ke haɗa furostagilandin, ba. Abin da ya saukar da hawan jini zai rage ruwan da ke taruwa a dagi, abin da ya takura wa dabba kuma zai sa jikinta ya saki nasa sinadaran kotizon masu danne kumburi. Mai son yin magana a kan hanyar aiki sai ya auna ta: ya ɗebi naman dagin ya duba yawan sinadaran kumburi irin su furostagilandin E2, da TNF-alfa, da intalukin 1-beta da 6, ya kuma yanka shi siriri ya duba a madubin ƙara girma.

Akwai kumburin kunne da zailin, da kumburin dagi da farin ƙwai, waɗanda suke da sauƙi amma ba sa ƙara abu mai yawa a kan karajinan. Idan tsiron an san shi ne da maganin ciwon gaɓoɓi ko wani ciwo mai daɗewa, gwajin awa biyar bai amsa tambayar ba. A nan sai a dasa ƙwallon auduga da aka tsarkake a ƙarƙashin fata bayan an sa dabbar barci, a ba da magani kwana bakwai, a cire a busar a auna naman da ya taru a kai, ko kuma a yi amfani da sinadarin Freund wanda ke haddasa ciwon gaɓoɓi na mako uku zuwa huɗu. Wannan na ƙarshe yana wahalar da dabba ƙwarai, dole a tsara tun farko alamomin da idan aka gan su za a dakatar da gwajin a kanta. A ƙarshen kowane gwaji mai tsawo a buɗe tumbin a duba ko akwai gyambo, a auna aikin hanta da ƙoda, tunda illar da ke sa ake neman madadin magungunan da ake da su ke nan.

Lissafi da rahoto

Ga gwajin da aka auna sau ɗaya kamar murƙususu, a yi amfani da lissafin kwatanta rukunai da ake kira ANOVA mai hanya ɗaya sannan gwajin Dunnett don kwatanta kowane rukuni da wanda bai sami magani ba. Ga wanda aka auna dabba ɗaya sau da yawa kamar kumburin dagi da faranti mai zafi, sai ANOVA ta maimaita awo, domin yin lissafi daban a kowace awa yana ƙara yiwuwar samun bambancin da sa'a ce kawai ta kawo shi. A nuna sakamakon kowace dabba a zane, a faɗi girman tasirin, a faɗi dabbobin da aka cire da dalilin cire su. Idan ƙaramin awo ya fi babba tasiri, a rubuta haka yadda yake, kada a kira shi tasirin da ke ƙaruwa da awo. Idan maganin kwatanci bai yi aiki ba, gwajin gaba ɗaya ya lalace, sai a sake. Ƙa'idojin ARRIVE, waɗanda aka fitar a 2010 aka sabunta a 2020, sun jera abubuwan da rahoto zai ƙunsa, kuma ya fi kyau a karanta su kafin a sayi dabbobi. Gwajin da tsiron bai nuna komai ba shi ma a sa shi a rahoton.

Wajen rubuta kammalawa, a tsaya a inda hujja ta tsaya. Abin da aka gani shi ne tataccen ya rage wata alama a jikin lafiyayyen ɓera wanda aka ba magani kafin a jawo masa ciwo, alhali marar lafiya yana shan magani ne bayan ciwon ya kama shi, wani lokaci da shekaru. Magungunan da ke toshe mashigar sinadarin P mai isar da saƙon ciwo a jijiyoyi, waɗanda ake kira masu hana NK1, sun yi kyau a gwaje-gwajen dabbobi amma ba su rage raɗaɗi a jikin mutane ba. Don haka rahoto yana iya cewa sakamakon ya ba da dalilin ci gaba da bincike, ba zai ce an tabbatar da tsiron magani ne ga mutane ba.

Idan tasirin ya fito a awo mai ma'ana, ya maimaitu a gwaji na biyu, kuma babu kasala a tare da shi, mataki na gaba shi ne a rarraba tataccen kaso-kaso ta hanyar narkar da shi da hekzen, da etil asitet, da butanol, da ruwa, a gwada kowane kaso a gwaji ɗaya da ya fi nuna tasiri, a awon da ya yi daidai da yawansa a cikin tataccen asali. Yakan faru tasirin ya raunana ko ya ɓace bayan rarrabawa, ko dai saboda sinadarai da dama ne ke aiki tare, ko kuma mai aikin ya lalace a hanya. Ba za a iya bambance waɗannan biyun ba sai an sake haɗa kason duka an gwada su tare da tataccen asali a rana ɗaya, don haka tun ranar da aka busar da shi a ware wani ɓangare a ajiye a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili domin wannan gwajin.